Ra'ayinmu: Kwaleji ba ta farfaɗo ba sai malaminta ya farfaɗo

Duk wanda ya zaga gari a farkon wannan shekarar karatu zai ga alamun cewa kwalejoji masu zaman kansu sun miƙe. An sake fenti, an ƙara tsawon katanga, wasu sun sayi sababbin motocin ɗaukar ɗalibai, ga alluna a bakin titi suna shelar an fara sayar da fom. Muna taya su murna da zuciya ɗaya, domin 'ya'yanmu da dama a can suke karatu, kuma da wuya ka sami gidan ɗan ƙungiyar nan da babu mata ko miji ko ƙane ko 'ya da ke riƙe da alli a ɗayansu. Sai dai wannan kusancin ne ya sa muke jin abin da mai wucewa ta bakin ƙofa ba ya ji. A gidajenmu ake lissafin albashin da aka riƙe tun lokacin korona wanda har yau ba a sake tayar da zancensa ba. Saboda haka muka ga ya dace mu tsaya mu tambaya: da me ake auna farfaɗowar makaranta, kuma wane irin shugabanci ne ya cancanci a ce ya fitar da ita daga rami?

Da muka ce kwalejoji, muna nufin manyan makarantun sakandare da 'yan kasuwa ko ƙungiyoyi suka kafa, da kuma kwalejojin ilimi da na kiwon lafiya masu zaman kansu waɗanda suka yawaita a garuruwanmu. Matakin karatunsu ya bambanta, amma tushen rayuwarsu ɗaya ne, kuma guguwa ɗaya ce ta kaɗa su.

Bari mu tuna yadda abin ya faru. A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da cutar korona a Najeriya, a Legas. Kafin wata ya cika, gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, gwamnonin Arewa maso Yamma kuma suka sanar da rufewa ta kwana 30 daga ranar 23 ga Maris. Kowa ya kulle ajinsa da tunanin hutu ne gajere. Kwana 30 ɗin nan sai da suka haura wata shida. 'Yan ajin ƙarshe ne kaɗai suka koma a ranar 4 ga Agusta domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran ɗalibai kuwa a yawancin jihohi sai a watan Oktoba suka sake ganin allo.

Makarantar gwamnati ko a rufe take, baitulmali na nan bayanta. Kwaleji mai zaman kanta ba ta da wata rijiya sai aljihun iyaye. Makarantar sakandare sau uku take karɓar kuɗi a shekara, kwalejin gaba da sakandare sau ɗaya ko biyu, amma albashi sau goma sha biyu ake biyansa, hayar gini ba ta jira, bashin banki ba ya hutu. Asusun TETFund, wanda ke gina ɗakunan karatu da tura malamai ƙarin ilimi, na manyan makarantun gwamnati ne kaɗai. Da zangon karatu na uku ya tafi ba a karɓi ko kwabo ba, sai rijiyar ta ƙafe a lokaci guda. Har da aka dawo ma ba a gama ba, domin iyaye su ma kulle ya cinye musu jari. A Kano, alal misali, gwamnati ta nemi masu makarantu su rage kashi 25 cikin 100 na kuɗin zangon, aka kuma yi ta ja-in-ja a kan haka.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi cewa masu kwalejojin nan ba duka ne attajirai ba. Da yawansu tsofaffin malamai ne irinmu, waɗanda suka zuba kuɗin sallamarsu da gadon gidansu a cikin bulo da benci. Akwai wanda ya sayar da fili, akwai wadda ta sayar da gwal ɗinta, domin kada makaranta ta mutu. Akwai kuma waɗanda duk da haka ba su kai labari ba, aka mayar da azuzuwansu ɗakunan haya ko shaguna. Ba mu zo yi wa kowa dariya ba, kuma ba mu ɗauki mai makaranta abokin gaba ba. Annobar ba laifin kowa ba ce a cikinsu. Abin da ke wuyansu shi ne yadda suka raba nauyinta.

A nan ne shugabanni suka rabu gida biyu, kuma malamai sun san kowane gida. Akwai shugaban da ya tara ma'aikatansa, ko ya kira su ɗaya bayan ɗaya a waya, ya ce ga abin da ya rage a asusu, ga abin da ake bin mu, ga abin da muke bin iyaye. Ya fara yanke nasa kason kafin ya taɓa na kowa. Ya biya rabin albashi ko sulusi, ya rubuta ragowar a matsayin bashi, ya sa hannu. Wani ma da ya rasa kuɗi, sai ya raba buhun hatsi da ke ɗakin ajiyar makarantar kwana. Akwai kuma shugaban da ya aika da saƙon layi biyu cewa an dakatar da albashi har sai abin da hali ya yi, daga nan wayarsa ta daina shiga. Malamansa suka bazu: wannan ya kama acaɓa, wancan ya buɗe teburin POS, wata ta koma soya awara a ƙofar gida, wasu suka riƙa bi gida gida suna koyar da 'ya'yan masu hali. Babu abin kunya a sana'a. Kunya tana wajen wanda ya kira mutanen nan a watan Oktoba ya ce su dawo aiki, ba tare da ya ambaci watannin da suka wuce ba ko da kalma ɗaya.

Abin lura shi ne, da aka buɗe, gida na farko ya sami malamansa cif, sun san ɗalibansu, sun san inda aka tsaya a manhaja. Gida na biyu ya tarar da malamin lissafi da na kimiyya sun sami abin yi, ya shiga neman sababbi a gurguje. Iyaye kuwa ba makafi ba ne. Suna iya shiga makaranta saboda kyan gini, amma saboda malami suke zama. Riƙon amanar ma'aikaci a ranar wuya jari ne, ko da a ma'aunin ɗan kasuwa aka auna shi.

An yi ta yabon shugabannin da suka rungumi koyarwa ta intanet, kuma wasu sun cancanci yabon. Amma mu da muke cikin aikin mun san yadda aka yi shi a mafi yawan wurare. Malami ne ya ɗauki darasi da wayarsa, ya sayi data da kuɗinsa, ya kai caji shago saboda babu wuta, ya tura ta WhatsApp zuwa wayar uba wanda ba ya dawowa gida sai dare. Darussan rediyo da wasu gwamnatocin jihohi suka shirya sun fi isa ga yara da yawa fiye da duk wata manhajar kwamfuta. Idan za a rubuta tarihin wannan dabara, sunan malamin aji ya kamata a fara sakawa, kuma a tambaya ko an mayar masa da kuɗin datarsa.

Wani darasin ya fito ne daga tallafin gwamnati. A cikin shirin farfaɗo da tattalin arziki na 2020, gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 75 domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, kuma makarantu masu zaman kansu ne aka fara buɗe wa rajistar tallafin albashi a watan Satumba. An tsara a biya ma'aikaci naira 30,000 zuwa 50,000 a wata har tsawon wata uku. Tallafin bai isa ko'ina ba, adadin ma'aikatan da ake ɗauka daga kowace makaranta ma ƙayyadadde ne. Amma daga cikin sharuɗɗansa akwai rajista da hukumar CAC da bayanan banki na ma'aikata. Makarantar da ta saba biyan albashi hannu da hannu a ofishin mai gida, babu takarda, babu jerin sunaye, ta tarar ba ta da abin nunawa. Rashin tsarin da shugaba ya ɗauka sauƙi ne gare shi, shi ya rufe wa malaminsa ƙofa a ranar da aka zo rabo.

Wannan ya kai mu ga tushen ciwon. A kwalejoji da yawa mutum ɗaya ne mamallaki, shi ne shugaban hukumar gudanarwa, shi ne ma'aji, wani lokaci matarsa ce akanta, ɗansa ne magatakarda. Asusun makaranta da aljihunsa ba su da shamaki. Idan kuɗin zango suka shigo, a sayi fili ko a ɗora bene, domin babu mai cewa a dakata a ware na albashi. Shugaban makaranta da aka ɗauko saboda iliminsa ba shi da ta cewa a kan kwabo, aikinsa ya isar da umarni ya sha zagin malamai. Irin wannan gini yana tsayuwa muddin iska ba ta kaɗa ba. Annoba ba ta ƙirƙiri tsagar ba, ta dai nuna inda take.

Iskar kuwa ba ta tsaya a korona ba. A shekarar 2021 satar ɗalibai ta addabi Arewa, ba ta kuma bar makarantu masu zaman kansu ba: an kai hari Jami'ar Greenfield a watan Afrilu, da makarantar sakandaren Bethel Baptist a watan Yuli, duka a jihar Kaduna. Makarantun kwana da ke bayan gari suka shiga kashe kuɗi a kan katanga da masu gadi, wasu iyaye suka janye 'ya'yansu. Sai ga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Kuɗin mota da na abinci da na janareta suka bi ta. A watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Cikin shekara huɗu da 'yan watanni an gwada shugabannin nan sau uku ko huɗu. Wanda ya ɗauki darasi a karo na farko ya fi sauƙin tsallake na baya.

To, ta wace hanya aka miƙe? A wurare da dama mun ga hanyoyin da ba za mu yi shiru a kansu ba. An haɗe aji biyu ya zama ɗaya, malami guda yana gyaran littattafan da mutum biyu ke yi a da. An bar gogaggun malamai sun tafi, aka cike gurbinsu da masu yi wa ƙasa hidima da 'yan wucin gadi, waɗanda shekara na zagayowa sun wuce. An mayar da albashin wata ya koma na zango, watau babu biya a lokacin hutu, kamar cikin malami shi ma yana tafiya hutu. An ƙara kuɗin makaranta sau biyu ko uku, albashi ya motsa sau ɗaya ko bai motsa ba. A takarda makaranta ta warke. A zahiri an kwashe ciwon ne daga littafin akanta aka kai shi gidan malami. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Makarantar da ta zubar da tsofaffin malamanta domin ta rage kashe kuɗi ta sayar da abin da iyaye suka zo saya.

Lamarin ya fi tsanani a kwalejojin ilimi masu zaman kansu, domin su ne ke yaye masu takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. Ɗalibin da aka koyar a gurguje, aka tura shi aikin koyarwa na gwaji babu mai bin sawunsa, gobe shi ne abokin aikinmu a firamaren gwamnati, shi ne malamin jikokinmu. An daɗe ana koke a kan aron malamai da kayan aiki ranar da masu tantancewa za su zo, a mayar da su bayan sun tafi. Hukumar NCCE da aka kafa a 1989 domin kula da kwalejojin ilimi, da hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, da majalisar TRCN mai rajistar malamai wadda aka kafa a 1993, duk suna da hurumi a nan. Ziyarar da aka sanar da ita wata guda kafin a zo ba ta nuna komai sai iya shiri.

Ga abin da muke ganin shi ne ma'aunin shugabancin da ya farfaɗo da gaske.

Na farko, a biya bashin baya. Duk kwalejin da ta riƙe albashi a 2020 ta zauna da waɗanda abin ya shafa, har da waɗanda suka bar aiki, a yi lissafi, a tsara biya ko da kaɗan kaɗan ne. Idan yafiya ake nema, a nema a fili, mai haƙƙi ya yafe da bakinsa. Shiru ba yafiya ba ne.

Na biyu, kowane malami ya sami takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashinsa, da ranar biya, da hutunsa, da sharuɗɗan rabuwa, da kuma abin da za a yi idan an sake rufe makaranta ba da laifinsa ba. Albashi ya bi ta banki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatar da ke da mutum 15 ko fiye ta zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Kwalejoji da yawa sun haura wannan adadi, amma malamansu ba su taɓa ganin lambar asusun fansho ba.

Na uku, asusun ko-ta-kwana na albashin wata uku, wanda ba a taɓa shi sai da sa hannun mutum fiye da ɗaya. Lissafin ba mai wuya ba ne. A ɗauka albashi yana cin rabin abin da makaranta ke samu a shekara. Albashin wata uku zai zama kashi 12 da rabi cikin 100 na kuɗin shigar shekara. Idan ana ware naira 5 daga kowace naira 100, cikin shekara biyu da rabi an tara shi. Hauhawar farashi za ta riƙa cin sa, don haka sai an riƙa ƙarawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, hukumar gudanarwa ta gaskiya, mai wakilin malamai da malamai suka zaɓa da kansu, da wakilin iyaye, da wani masani daga waje wanda ba ya cin abinci a hannun mai makaranta. Sau ɗaya a shekara a gabatar mata da abin da ya shigo da abin da ya fita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Makaranta tana nan ta mai ita, ribarsa halal ce gare shi. Abin da ake nema shi ne a raba asusunta da aljihunsa, a kuma bar shugaban makaranta ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce idan aka yi duk wannan, dole kuɗin makaranta ya tashi, talaka ya cire ɗansa. Gaskiya ne akwai ƙananan makarantun unguwa da ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya, kuma dokar mafi ƙarancin albashi da kanta ta keɓe ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba. Amma takardar ɗaukar aiki ba ta cin kuɗi. Biya ta banki ba ya cin kuɗi. Zama da malamai a faɗa musu gaskiya ba ya cin kuɗi. Wanda ya buɗe littafi aka ga babu, malamai za su yi haƙuri da shi, sun ma yi a baya. Abin da ba za su ƙara karɓa ba shi ne a ce musu babu, alhali ana zuba dakali a sabon reshe.

Gwamnati ma tana da nata kason. Masu makarantu, ta bakin ƙungiyarsu ta NAPPS, sun daɗe suna kuka da yawan haraji da kuɗaɗen da hukumomi daban daban ke karɓa. A sauƙaƙa musu, amma a ɗaura sauƙin da sharaɗi: makarantar da ta nuna shaidar biyan albashi da fansho ita ce za ta amfana. Haka nan sabunta lasisi. Jami'in da ya zo duba banɗaki da girman taga, ya duba jerin albashi shi ma.

Ba za mu rufe ba sai mun juyo da madubin wajenmu. A watannin kulle mafi yawanmu da ke aikin gwamnati mun ci gaba da karɓar albashi, ko da an yi jinkiri. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, aka yi mana albishir da ƙarin shekarun aiki, wanda ya zama doka a 2022: shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A daidai wannan makon 'yan uwanmu na makarantu masu zaman kansu ke komawa aji da bashin mai shago da na mai haya a wuyansu, kuma ba mu ɗaga murya yadda ya kamata ba. Ƙungiyar malamai ta NUT da aka kafa a 1931 ta samo asali ne a lokacin da yawancin malamai ke aiki a makarantun mishan, ba na gwamnati ba, kuma ƙorafinsu shi ne rashin tabbas na albashi da sharuɗɗan aiki. Ashe abin da muke kallo daga nesa shi ne mafarinmu. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago, bai ce sai ma'aikacin gwamnati ba. Amma malamin da za a iya kora da saƙon waya ba zai fara wannan magana shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka muna ba reshenmu shawara ya fara da abin da yake iyawa. A buɗe wa malaman makarantu masu zaman kansu ƙofar tarukanmu da horon da muke shiryawa. A duba yadda za su shiga asusun taimakon kai da kai. A tanadi samfurin takardar ɗaukar aiki da kowa zai iya ɗauka ya kai wa mai makarantarsa. A nemi zama da masu makarantun yankinmu cikin mutunci, a yaba wa waɗanda suka riƙe amana a fili, domin su ma su san ana gani. Wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta ya san abin da ya kamata ya yi da nasa, domin albashin da aka karya a can shi ake kawowa teburin tattaunawa a nan a ce mana ai ga masu yin aikin da rabin kuɗin.

Ku kuma iyalanmu, iyayen yara, idan kun je sayen fom a zango mai zuwa, bayan kun duba gini da mota, ku tambayi shekara nawa malamin ajin ya yi a makarantar, kuma ko ana biyansa a lokacin hutu. Amsar da za ku samu za ta gaya muku irin shugabancin da za ku damƙa wa ɗanku. Allah Ya kiyaye mu da sake ganin irin waccan shekara, idan kuma wata jarrabawar ta zo, Ya sa ta tarar da mu a shirye.